Fada ko faɗa: Abin da mai buga allo a Wudil ya kamata ya duba kafin ya zaɓi salon haruffa

Duk wanda ya ratsa Wudil a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri zai ga allunan shaguna da fostocin siyasa da sanarwar makarantu. Da yawa cikinsu an buga su ne da haruffa masu tsabta, marasa ƙawa a gefe, waɗanda harafinsu na O yake kamar an zana shi da bakin kofi.

Matsalar tana fitowa ne idan rubutun na Hausa ne. Sai a ga "faɗa" ta koma "fada", ko "ƙara" ta koma "kara", alhali a garin da ya yi suna da kasuwar shanu kowa ya san kara daban, ƙara daban.

Daga ina salon ya fito?

Ana gina irin waɗannan haruffa ne da da'ira da miƙaƙƙen layi. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Futura, wanda Paul Renner ya zana a Jamus, aka fitar da shi a 1927. Da shi aka rubuta allon da 'yan sama jannatin Amurka suka bari a duniyar wata a 1969.

Bayansa an samu Gotham, wanda Barack Obama ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2008, da kuma Montserrat, wanda Julieta Ulanovsky ta zana bayan ta nazarci tsofaffin allunan wata unguwa a Buenos Aires, babban birnin Ajantina.

Masu buga takardu na son salon saboda ana iya karanta shi daga nesa, kuma yana fita tsaf a fuskar waya.

Ina lanƙwasar take?

An zana yawancin waɗannan haruffa ne domin harsunan Turai, shi ya sa da dama ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Idan kwamfuta ta nemi harafin ta rasa, takan aro shi daga wani salon, sai ya fito bare a tsakiyar kalma, ko kuma ta nuna ɗan akwati. Mai shago da ke sauri sai ya cire lanƙwasar ya huta.

Ko da harafin yana nan, sai an lura. A wannan salo, b da d da'ira ce kawai da sanda, don haka lanƙwasar ce kaɗai ke raba su da ɓ da ɗ. Idan ta yi ƙanƙanta, mai wucewa a mota ba zai gan ta ba.

Batun lasisi

Salon haruffa kaya ne mai mai shi. Futura da Gotham na sayarwa ne, kuma kamfanoni kan raba lasisin: na bugawa a takarda daban, na shafin intanet daban, na manhaja daban. Galibi kuma ba su yarda mai saye ya taɓa zanen ba. Samun salo a cikin kwamfutar da aka saya a kasuwa ba ya nufin an mallaki izininsa.

Montserrat kuwa yana ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ƙungiyar SIL ta fitar a 2005. Lasisin ya ba kowa damar amfani da salon kyauta, har a harkar kasuwanci, da yi masa gyara da rarraba shi. Sharaɗin shi ne ba za a sayar da shi shi kaɗai ba, kuma wanda aka gyara zai ci gaba da zama a kan lasisin.

Wannan dama ce ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil: duk salon OFL da ba shi da haruffan Hausa, suna da izinin zana masa su.

Kafin nan, akwai Noto Sans na Google da Andika na SIL, waɗanda ke ɗauke da haruffan kuma kyauta ne.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin a biya kuɗin allo, mai aiki ya sa a rubuta masa "ɓera, ɗaki, ƙofa" da manya da ƙananan baƙaƙe, ya duba da idonsa, sannan ya tambayi lasisin salon.