Diffa: Yadda ma'aikatan jinya ke fama da sanar da majinyata cutar daji

Daga garin Diffa zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 1,300 ce. A can ne Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa take, wadda ta fara gashin cutar da na'ura a shekarar 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. Sai dai kafin majinyaci ya yarda ya kama wannan doguwar hanya, sai ya fahimci abin da ke damunsa. Sau da yawa nauyin fahimtar da shi yana kan ma'aikaciyar jinya ko ungozomar da ta fara duba shi.

Harshe da kunya

A makaranta da Faransanci ake koyar da aikin jinya a Nijar. Majinyatan da ke zuwa babban asibitin jihar Diffa da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro kuwa, wasu Barbarci kawai suke ji, wasu Fulatanci, Tubanci ko Larabci. Hausa ce takan haɗa mutane, amma ba kowace tsohuwa daga ƙauyukan bakin Komadugu ke jin ta sosai ba.

Don haka sai a nemi tafinta, kuma yawanci ɗan rakiya ne: miji, ƙanen miji ko ɗan cikinta. A nan matsalar take. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi kama mata a Nijar, kuma da wuya uwa ta ambaci zubar jini ko ƙullutu a mama a gaban ɗanta namiji. Shi ma kunya kan sa ya taƙaita bayanin. Shi ya sa ƙwararrun ma'aikata kan nemi mace ta yi tafinta, su sa labule, su fara da gaisuwa da tambayar gida kafin su shiga maganar ciwo.

Sunan cutar ma abin tsoro ne

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura. Wasu kuma kan danganta shi da sammu ko iska. Idan aka furta kalmar kai tsaye ba tare da bayani ba, iyali na iya ɗauke majinyaci su koma wajen mai maganin gargajiya, ba za a sake ganinsu ba sai ciwon ya ci jiki.

Idan kuma aka ɓoye, aka ce ƙurji ne kawai, ba wanda zai sayar da buhunan tattasai ko akuya don zuwa Damagaram ko Yamai. Hanyar da ake koyarwa a fannin kula da masu wannan cuta ita ce a fara tambayar majinyaci abin da ya sani da abin da yake son sani, a yi bayani kaɗan-kaɗan, sannan a sa ya maimaita da bakinsa. Haka kuma ba a yanke hukunci sai an ɗebi ɗan yankin tsoka an gwada, domin ba kowane ƙullutu ne daji ba.

Gudun hijira da kuɗin hanya

Tun hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa cikin watan Fabrairun 2015, dubban iyalai suka bar gonakinsu na bakin kogi da tsibiran tafkin Chadi. Ga wanda ya rasa gona da dabbobi, takardar turawa wani asibiti babban nauyi ce. Tun 2007 gwamnati ta ayyana maganin cutar dajin mata a matsayin kyauta, amma wannan bai ɗauke kuɗin mota, abinci da masaukin ɗan jinya ba. Ma'aikaciyar da ta faɗi gaskiyar tsawon jinyar tun farko tana ba iyali damar shiri, maimakon su katse magani a tsakiya.

Masu aiko kuɗi daga nesa

Akwai kuma 'ya'yan da ke ci-rani a Libiya, Najeriya ko Turai, waɗanda ke biyan kuɗin magani. Wasu kan kira ta WhatsApp su roƙi kada a gaya wa Inna komai, don kada hankalinta ya tashi. Tausayi ne ke sa su, amma ita ce za a yi wa tiyata, ita ce gashinta zai iya zubewa idan ta fara karɓar magani. Matar da ba a shirya ta ba takan ɗauka maganin ne ke kashe ta, ta daina zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata don gano sankarar bakin mahaifa kafin su wuce shekara 35, a sake kafin 45. Cutar tana warkewa idan an gano ta da wuri. Ga matasan da ke raka iyayensu asibiti, abin da ya fi amfani shi ne su bar uwa ta yi magana da ungozoma ita kaɗai idan tana so, su tambayi abin da ba su gane ba, kuma su adana duk takardun gwaji.