Kufena da Wusasa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Mu da muka tashi a wajen Ƙofar Galadima, Kufena a wurinmu wani dutse ne da ake hangowa can yamma da gari, wanda rana ke faɗawa bayansa. Yaron birni zai iya jero muku ƙofofin Zariya ba gargada, Doka, Kibo, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Jatau da tamu ta Galadima. Amma ku tambaye shi me ke gindin wancan dutse, sai ya ce Wusasa ce, inda asibitin mishan yake. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya tsallake ɗaruruwan shekaru. An zauna a gindin Kufena kafin a zauna a inda gidajenmu suke yau, kuma dutsen ne ya jawo mutane, tun na farko har na baya.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Zariya tana kan wani shimfiɗaɗɗen tudu mai tsayin sama da mita 600 daga teku. Duk inda kuka duba fili ne, sai nan da can ku ga dutse ya ɓullo shi kaɗai, kamar an kifa ƙwarya a tsakar gida. Kufena ne babba a cikin na kusa da birni. Irin dutsen nan ne mai tauri da masana ke kira giranit. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasa mai laushi da ke kansa da kewayensa, shi kuma ya ƙi cinyewa, har ya rage a tsaye. Watau ba tsirowa ya yi ba, ƙasar ce ta janye ta bar shi. Idan kun hau za ku ga bayansa yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, da manyan duwatsu da suka gangaro suka jingina da juna suka yi kogo. Dutsen Zuma na hanyar Abuja ɗan uwansa ne ta fuskar wannan kama.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman wurin zama shi ne ruwa. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Wanda ya sauka a fili, ƙasa ta shanye ko ya bi rafi ya tafi. Wanda ya sauka a kan falalen dutse kuwa ba shi da inda zai nutse, sai ya gangara ya taru a gindi. Saboda haka ƙasar gindin dutse takan daɗe da danshi bayan ɗaukewar ruwa, rijiya ba ta yin zurfi sosai, ramukan kan dutse kuma suna riƙe ruwa na wani lokaci. Ga kuma ƙasar da ta ruɓe daga jikin dutsen tana ƙara wa gona ƙarfi. Kogin Kubanni yana arewa, Saye yana kudu, dukansu suna zuba a Galma, ga fadamunsu don noman rani da kiwo. Manomi ya sami ruwa da ƙasa, mai gadi ya sami wurin hangen ƙurar mahara tun daga nesa, mata da yara sun sami kogon ɓuya. Maƙeri ma bai rasa ba, don akwai tama a marmarar yankin, kuma masu haƙar kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narkar da ƙarfe a wajen Samaru waɗanda suka haura shekara dubu.

Akwai wani dalili da littattafan makaranta ba su cika son ambata ba. Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun ɗauki irin waɗannan duwatsu mazaunin iskoki. Wanda ke kula da tsafin dutse shi ake kai wa gaisuwa, kuma inda ake kai gaisuwa nan kasuwa kan tsiro. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya yi bayanin cewa manyan biranen ƙasar Hausa da yawa a gindin irin waɗannan duwatsu suka faro: Dala a Kano, inda labarin Barbushe da Tsumburbura yake, Kwatarkwashi a Zamfara, Turunku da Kufena a Zazzau. A ganina wannan bayani ya fi gamsarwa a kan labarin da muka saba ji, cewa wani jarumi ya zo daga nesa ya sari gari rana ɗaya. Gari yakan taru ne a hankali, inda ruwa da tsaro da tsoro suka haɗu.

Labarin baka na Zazzau ya ce gadon sarauta ya yi yawo kafin ya zauna. Ana ambatar Kawar, Rikoci, Wuciciri, sannan Turunku, wanda yake kudu da Zariya, a Ƙaramar Hukumar Igabi ta yau, shi ma a gindin duwatsu. Daga Turunku aka taso zuwa Kufena, kuma ana danganta wannan ƙaura da Bakwa Turunku, wanda jerin sarakuna ya sa hawansa a wajen 1536. Dalilin da ake bayarwa shi ne Turunku ya yi wa jama'a kaɗan, ruwansa bai isa ba. 'Ya'yan Bakwa su ne Amina da ƙanwarta Zariya, wadda aka ce birnin ya ci sunanta. A nan majiyoyi sun saɓa. Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarki Dauda, watau 1421 zuwa 1438, shekara ɗari kafin lissafin jerin Zazzau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Duk wanda ya gaya muku ranar haihuwar Amina da wata da shekara, ku riƙe maganarsa da hannu ɗaya.

Shaidar da ba ta da gardama ita ce ganuwa. Ban da ganuwar birni da ƙofofinmu ke jikinta, akwai wata tsohuwa a waje wadda ta miƙa yamma ta haɗa da Kufena, ita ce ake kira ganuwar Amina. Masanin kayan tarihi John Sutton ya bi sawunta ya auna ta a shekarun 1970, lokacin yana koyarwa a Samaru. Faɗin filin da ta kewaye ya nuna ba gidaje kaɗai aka yi wa garu ba, har da gonaki da makiyaya, don in an yi wa gari ƙawanya a ci gaba da ci. Daga baya jama'a suka tattara gabas, wajen dutsen Madarkaci, aka yi ganuwar da muka sani, Kufena ya zama bayan gari. Lokacin da Malam Musa, mai tutar jihadi, ya ci Zariya a 1808, Sarki Makau ya nufi kudu, inda 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta farko, Suleja ta yau, ai tuni fada ta daɗe a cikin birni.

Sai gindin dutsen ya koma ƙauyukan manoma, har zuwan Turawa.

Labarin Wusasa ta yanzu ya faro ne daga cikin birni. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Girku, sannan a 1905 ya sami wuri a cikin ganuwar Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe makaranta da wurin shan magani. Zaman bai taɓa yi wa fada daɗi ba, haka ma Turawan mulki, waɗanda suka yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Cikin waɗanda suka bi Miller akwai Isawa, almajiran Malam Ibrahim na Kano da suka watsu bayan an kashe malaminsu. An tara wasunsu a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu ɓarna, ragowar suka dawo Zariya. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen, Miller kuwa ya koma Kano. Ku lura da wurin da aka zaɓa: kusa da birni yadda mara lafiya zai iya isa, nesa da shi yadda ƙararrawa ba za ta dami fada ba, ga ruwa, ga dutsen gini. Abin da ya jawo mutanen Bakwa shi ya sake aiki.

Cocin St. Bartholomew da aka gina a lokacin ya cancanci a je a gani ko da mutum ba ruwansa da ibadar da ake yi a ciki. Ginin ƙasa ne na maginan Zazzau, da tubali da azara da bakan gizo, irin fasahar da ta tsayar da masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Kusa da shi asibitin St. Luke yake, da makarantar St. Paul, wadda yanzu ake kira Kwalejin Kufena. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa.

Ga ƙauye ƙarami, mutanen da ya fitar sun yi yawa. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, daga wannan jama'a ya fito. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya yi karatu. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a daidai waɗannan shekaru, a nan ya girma. Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma ɗan Wusasa ne. Ɗaliban Hausa nawa suka karanta littafin nan don jarrabawa ba su san marubucinsa maƙwabcinsu ba ne?

Yau gari ya cim ma dutsen. Kufena sunan mazaɓa ne a Ƙaramar Hukumar Zariya, haka Wuciciri, kuma hanya da gidajen bulo sun cike mafi yawan filin da ke tsakanin Wusasa da birni. Dutsen yana cikin jerin wuraren tarihi da hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ta ayyana, tare da ganuwar birni. Sai dai takarda ba ta hana ruwan sama cin ganuwa, ba ta hana mai gona baje ta, ko mai gini ɗibar ƙasarta.

Malaman makarantun birni, ku ɗebi yara ku kai su, tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Ku tafi da sassafe cikin hunturu kafin dutse ya yi zafi, ku nemi izinin mai unguwa, ku riƙe ruwan sha. Daga sama ku nuna musu layin tsohuwar ganuwa inda ya rage, sannan ku juya gabas su nemo unguwarsu.