Baƙo Da Takardar Zama

Tun zamanin kakanninmu Hausawa ke zuwa Gwanja fataucin goro. A wancan lokaci ba a tambayar kowa fasfo. In ayari ya isa Salaga ko Kumasi, madugu ya je ya gai da sarki, kowa ya sauka gidan mai masaukinsa, shi ke nan. Waɗansu fatake suka zauna a zango, suka yi aure, suka hayayyafa.

Yanzu ba haka ba ne. Kowace ƙasa tana da iyaka, kuma gwamnatinta ta raba mutane kashi biyu: ɗan ƙasa da baƙo. Ɗan ƙasa ba ya neman izinin zama a ƙasarsa. Amma baƙo sai ya je ofis an rubuta sunansa, da ƙasarsu, da sana'arsa, da inda ya sauka, a ba shi takarda. Wannan shi ake kira rajista.

Wani zai ce, "Ai shekarata talatin a garin nan, Sarkin Zango ya san ni, liman ya san ni." Gaskiya ne. Amma doka ba ta duba wannan, takarda take dubawa. Ga abin da ya faru a Gana.

A 1963 aka yi doka a Gana cewa kowane baƙo ya nemi izinin zama. Mutane da yawa ba su kula ba, don ba a matsa musu ba. Waɗansu ma ba su taɓa jin labarin dokar ba. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ba da sanarwa: duk baƙon da ba shi da takarda an ba shi mako biyu ya samu, ko ya fita. To, ina mako biyu zai ishi dubban mutane a ƙofar ofis? Aka shiga sayar da gidaje da rumfuna da gonakin koko a wulaƙance. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa suka cika manyan motoci. A cikinsu har da waɗanda aka haifa can, ba su taɓa ganin garin ubansu ba.

Kada mu ɗora wa Gana laifi ita kaɗai. A Janairun 1983, zamanin Shugaba Shagari, Nijeriya ta yi irin wannan. Mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida, ban da na Nijar da Chadi. Tun daga nan ne jakar nan ta leda mai zane-zane ta sami sunanta na Gana-mos-go.

To, mai niyyar tafiya yau, me zai yi? Ƙasashen Afirka ta Yamma sun kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975. A 1979 suka yarda mutumin wata ƙasa cikinsu ya shiga wata ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. Ku lura, kwana 90 aka ce, watau wata uku. Kuma sai yana riƙe da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafi. Wanda zai wuce wata uku, ko zai kafa sana'a, sai ya je ofishin shige da fice ya nemi izinin zama. A Gana akwai kati na musamman da ake yi wa baƙi. A Nijeriya ma, a 2019 aka buɗe rajistar baƙi waɗanda za su wuce kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka mai zuwa can ko mai fitowa daga can ya tambaya a ofis tukuna.

In kun isa iyaka, ku bi ta ƙofa a buga muku hatimi. Ɓarauniyar hanya tana da sauƙi ran shiga, amma wanda ba shi da hatimi ba shi da shaidar ranar da ya shigo. Kada ku ba ɗan kamasho fasfonku ya tafi da shi. Ku je da kanku, ku karɓi rasit na kuɗin da kuka biya.

A jikin hatimin akwai kwanan wata. Mun riga mun koyi lambobi da sunayen watanni a aji, saboda haka kowa ya karanta nasa da kansa, ya ƙirga kwana 90 daga ranar, ya rubuta ranar cikarsu a littafinsa.