Ɗan Tsakiya a Ƙwallon Kwando: Dogo Ba Turke Ba Ne

Duk wanda ya saba ratsawa ta Ƙofar Mata da la'asar ya san samarin nan da ke fitowa daga unguwannin cikin birni da ƙwallo a hammata, suna nufar ɗakin wasanni na filin Sani Abacha. Nan ne gidan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira cikin 2016. A cikin samarin nan ba a rasa dogo guda wanda ya yi wa 'yan'uwansa rata, shi ne kuwa wanda baiwarsa ta fi salwanta.

Abin da akan yi shi ne a kafa shi a gindin kwando kamar turke, a ce masa ɗan tsakiya, ya yi ta jiran ƙwallon da ya kuskure raga. Alhali kuwa doka ba ta yarda mai kai hari ya wuce daƙiƙa 3 a cikin da'irar gindin kwando ba. Saboda haka wajibi ne ya riƙa shiga yana fita, yana juya wa mai tsaronsa baya, yana neman a miƙo masa.

Da zarar ƙwallo ya shiga hannunsa, abokan karawa sun shiga tsaka mai wuya. In suka bar shi da mutum ɗaya, sai ya juya ya zura. In kuwa biyu suka taru a kansa, lalle akwai abokin wasansa guda da aka bari ba mai tsaro, watakila ma a bayan layin nan mai nisan mita 6.75 inda jifa ɗaya ke kawo maki 3. Haka kuma yana iya fitowa ya tare wa mai riƙe da ƙwallo hanya, sa'an nan ya sulale ya nufi kwando a cilla masa. Ashe ke nan aikinsa na farko shi ne ya tilasta wa masu tsaro zaɓi, na biyu kuwa ya gane abin da suka zaɓa.

Babu misalin da ya fi na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 aka saka shi a gasar ƙwallon kwando lokacin wasannin kwalejojin horon malamai a Sakkwato. Daga baya ya tafi Amurka, inda ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi cikin 1984. Mai koyar da su, Rudy Tomjanovich, ya kewaye shi da gwanayen jifa daga nesa irin su Kenny Smith da Robert Horry, ya sa hari ya riƙa bi ta hannunsa. Da wannan tsari suka ci kofin NBA a 1994 da 1995. Irin wannan hikima ce ta kai Nikola Jokic da ƙungiyar Denver ga kofin 2023, domin shi dogo ne wanda ya fi kowa a ƙungiyarsa iya rarraba ƙwallo.

Wannan ya kamata malaman wasanni na makarantun Kano su lura da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ga alamar tsawo gare shi, a koya masa sarrafa ƙafa, da jifa da hannu biyu, da ɗaga kai ya dubi fili kafin ya motsa. Su kuma 'yan'uwansa a hore su da ba shi ƙwallo da wuri, kada su jira daƙiƙoƙi 24 na hari su kusa cika sa'an nan su tuna da shi. Tsawo kyauta ce daga Allah, amma sauran aikin na malami ne.