Tashar jirgin ruwa: ina ya kamata a kafa ta?

Kogin Isa ya ratsa ƙasar Nijar tsawon kilometir 550, tun daga iyakar Mali har ya wuce Gaya. Gadoji kaɗan ne bisa kansa. An gina gadar Gaya a 1958. An buɗe gadar Kenedi ta Yamai a 1970, daga baya aka ƙara wasu. Amma mutanen ƙauyuka da yawa da jirgi suke ƙetarawa. Da jirgi ake kai shinkafa da albasa da kifi da bisashe kasuwa. Da jirgi ake kai mara lafiya gidan likita.

Kowane jirgi daga gaɓa yake tashi, a gaɓa yake sauka. Wurin nan shi ne tasha. A ƙauyuka da yawa ba wanda ya zaɓe ta. Inda turba ta ƙare, nan jirgi yake tsayawa. Nan mata suke wanki, nan yara suke wanka, nan shanu suke shan ruwa. Ranar kasuwa sai wurin ya cakuɗe. Buhu ya faɗa ruwa, tsohuwa ta zame cikin laka, ba mai sanin mutum nawa suka shiga jirgi.

Abin ba wasa ba ne. A watan Fabrairu na 2019 wani jirgi ya taso daga ƙasar Benin da mutane wajen 100 da kayansu, za su kasuwar Una. Iska ta kifar da shi kusa da Sambera, cikin jahar Doso. Mutane fiye da 40 suka ɓace. Tasha ba ta hana iska tashi. Amma a tasha ake ƙidaya mutane, a nan ake duba kaya, a nan ake hana jirgi tashi in gari ya ɓaci.

A fara da tambayar kogi

Kogin Isa ba ya zama wuri guda. Sau biyu yake cika cikin shekara. Akwai jan ruwa na damana, wajen Agusta da Satumba. Akwai kuma ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine, wanda ke isowa lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. A Mayu da Yuni ruwa yana janyewa ƙwarai. A watan Yuni na 1985 kogi ya daina gudu a Yamai. A watan Satumba na 2020 kuwa ya kai santimetir 700 a ma'aunin Yamai, ya ci gidaje da gonaki.

Saboda haka, kafin a aza dutse ko guda, sai a nemi alama biyu: inda ruwa ya taɓa kaiwa shekarar da ya fi cika, da inda ya tsaya shekarar da ya fi janyewa. Ma'aikatan ruwa suna da lissafinsu a rubuce. Tsofaffin masunta da masu fito su ma suna da nasu, jikin itatuwa da duwatsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. A haɗa sanin biyu.

Wurin da ya dace

Inda kogi ya yi kwana, gaɓoɓinsa biyu ba ɗaya ba ne. Ta bayan kwanar ruwa yana da ƙarfi, yana cin gaɓa kowace shekara. Tashar da aka gina nan za ta rufta. Ta cikin kwanar kuwa rairayi yake taruwa, da rani jirgi ba ya iya matsowa, sai a yi ta ratsa ruwa da kaya bisa kai. Wurin da ya fi shi ne inda kogi ya miƙe, ƙasa tana da tauri, ruwa yana da zurfi ko da bazara.

A guje wa bakin ƙorama, don tana zubo da rairayi duk damana. A guje wa fadamar burgu inda dorina ke fitowa kiwo da dare, kamar wajen Ayoru. A guje wa ruwan da ke kwance cikin haki, don nan katantanwa mai kawo tsargiya take zama. Kada a fasa bangon da ke tsare gonakin shinkafa don neman hanya. Kuma a tabbata amalanke da mota suna iya isowa ko da tsakiyar damana.

Yadda ake shirya ta

Abu na farko shi ne gangare. Kada ya yi tsaye. Kowane metir 8 na tsawo, ya sauka metir 1. A shimfiɗa dutse ko siminti, a yi masa zane-zane don ƙafa kada ta zame. Ƙarshensa ya wuce alamar ruwan bazara, ya shiga cikin ruwa. A kafa turaku masu ƙarfi na ɗaure jirage. Rumfar jira da ɗakin ajiyar kaya kuwa a yi su bisa tudu, gaba da alamar babbar cika.

Abu na biyu shi ne raba wurare, a bi yadda ruwa ke gudu. Can sama, masu ɗibar ruwa. Daga nan masu wanki. Sa'an nan mashigar mutane, gefenta wurin lodin kaya da jirage masu inji. Can ƙasa mashayar bisashe. Ta haka man inji da kashin shanu ba su komawa tulun kowa. Salanga a yi ta bisa tudu, nesa da gaɓa.

Makiyaya suna da hakki ga ruwa. Dokar karkara ta 1993 ta tsare burtali da mashaya. Tasha ba ta toshe burtali, burtali kuma ba ya bi ta tsakiyar tasha. In akwai gardamar fili, a kai ta gaban maigari da hukumar filaye ta Kofo tun kafin a fara aiki.

Wa zai kula da ita?

Tashar da ba ta da mai kula, shekara biyu ta isa ta lalace. Gari ya zauna ya naɗa komiti: sarkin ruwa, masu fito, masunta, makiyaya, ƴan kasuwa da mata. A shafa wa kowane jirgi layin fenti a jiki. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya isa. A rubuta yawan mutanen da suka shiga cikin littafi. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya wannan aiki. A ajiye rigunan ceto da igiya da fitila a rumfa. A hana tashi da dare ko lokacin hadari. Daga kuɗin fito a ware wani abu don gyaran gangare kowace bazara, sa'ad da ruwa ya janye.

Wannan magana ba ta mutanen kogi kaɗai ba ce. Masu jirage a tabkin Madarunfa da na Tabalak su ma ruwansu yana cika yana janyewa. Bazara ce lokacin da gaɓa ke fitowa fili. Garin da ke son tasha ya auna wurinsa tun yanzu, kafin ruwa ya komo.