Neman Asali a Ƙasar Daura: Ina Ake Samun Sunan Kakan Kaka?

Da wuya ka sami ɗan Daura da bai san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu ba. Dattawa da yawa za su jero maka sarakunan baya-bayan nan ba tare da gargada ba: Malam Musa, Abdurrahman da ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar har 2007, sannan Umar Faruk Umar. Amma tambayi mutum sunan kakan kakansa, da garin da ya baro, sai ka ga ya yi shiru. Gidan sarauta yana da Girgam, kundin jerin sarakunan Daura, yana da maroƙa da makaɗa masu riƙe masa tarihi. Manomi da maƙeri da ɗan koli su ne ba wanda ya riƙe musu nasu.

A Ingila abin da sauƙi. Tun 1538 aka umurci kowace majami'a ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Takardun ƙidayarsu kuma suna ɗauke da sunan kowa gida-gida, ana buɗe su bayan shekara 100, shi ya sa na 1921 suka fito a 2022. Amurka takan jira shekara 72. Mutum yana zaune gaban kwamfuta zai iya gano kakansa na shida.

Mu ba mu gaji wannan tsari ba. Liman ya raɗa suna a zaure, an yanka rago, an raba goro, jama'a sun shaida, shi ke nan. Ƙidaya kuwa an yi ta a 1911, 1921, 1931, 1952, 1963, 1991 da 2006, ban da ta 1962 da ta 1973 da aka soke saboda rigima. Sai dai abin da ake bugawa jimilla ce: gunduma kaza mutum kaza. Na farko-farkon ma a Arewa yawanci daga lissafin haraji aka ɗebo su. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a duk Nijeriya ta 1992 ce. Saboda haka duk wanda ya ce zai nemo kakansa a takardun ƙidaya, wahalar banza zai sha.

Takardar da ta fi kusa da talaka ita ce ta haraji da jangali. Malamin haraji yakan zauna da dagaci da masu unguwanni, a rubuta kowane baligi namiji. An ci gaba da haka har 1979, lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Gara da ruwan sama sun cinye da yawa daga waɗannan littattafai, amma akan dace da ragowarsu a gidajen hakimai da dagatai. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna kuma akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi: wa ya sari gari, daga ina ya zo, wace sana'a ake yi. Mai nema ya tuna cewa Daura tana ƙarƙashin Lardin Kano ne kafin a haɗa ta da Katsina a 1934, don haka tsofaffin takardunta a wajen na Kano zai fara dubawa. A karanta su da lura, domin mutanen da ake ƙirgawa sun san kuɗi za a aza musu. An ɓoye samari, an rage shanu, wasu sun tsallaka iyaka har malamin haraji ya wuce.

A ganina, abin da ya fi duka daraja shi ne littafin alƙali, musamman shari'ar rabon gado. Nan ne kaɗai doka ta tilasta a ambaci kowa: matan mamaci, 'ya'yansa maza da mata, iyayensa in suna raye, gonarsa da waɗanda ta yi iyaka da su. Shafi ɗaya na rabon gado yakan ba ka abin da littafin haraji goma ba zai ba ka ba, tunda haraji bai san mace ba. Tsofaffin da Larabci ko ajami aka rubuta su, sai a tafi da malamin da ya saba da rubutun hannun mutanen da. Haka nan in gidanku na malamai ne, a kwance gafaka a duba gefen shafuka da bangon littattafai. Malamai sukan rubuta ranar haihuwar ɗa ko rasuwar uba a can, da watan Musulunci.

Duk da haka takarda ba ta magana sai ka zo mata da suna, suna kuwa a bakin tsofaffi yake, musamman mata. Gwaggo da inna da kaka su suka san wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, wa ya tafi cirani bai dawo ba. Kada ka tambayi tsohuwa shekara. Tambaye ta ko an haifi Baba kafin yunwar 'Yar Gusau ta wajen 1942, ko an yi bikinta kafin canjin kuɗi na 1973, ko Sarki Abdurrahman na da rai. Kuma ka yi haƙuri da alkunya. Matar da ba ta taɓa furta sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, ba za ta fara yau don ka kunna waya ba. Za ta ce «Malam» ko «mai sunan Malam», sai ka nemi sunan yanka wajen wata. Laƙabin ma shaida ne: Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa bai tarar da mahaifinsa ba. Tsagar fuska a tsohon hoto, tsohon wanzami zai iya gaya maka ta mutanen ina ce.

Ƙasar Daura tana da nata sarƙaƙiyar. Bayan Malam Isiyaku ya ci garin a jihadin farkon ƙarni na 19, gidan Sarkin Gwari Abdu, sarkin Daura na lokacin, ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, a inuwar Damagaram, har Turawa suka dawo da ɗan gidan, Malam Musa, daga Zango. Talakawa sun bi iyayen gidansu fita da dawowa. Sannan Ingila da Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, ta raba wa da ƙane. Ɗan Mai'adua ko Zango ko Baure da ya bi salsalarsa, ba mamaki ya tsinci kansa a Magarya ko Matamai cikin Nijar. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Daura a ƙarshen shekarun 1950 ya kuma buga littafinsa a 1978, ya bi diddigin waɗannan gidajen sarauta dalla-dalla.

Sai a shirya jin abin da ba a zata ba. Kowa yana so a ce daga gabas kakanninsa suka zo, ko jinin sarauta ne. Wani zai tarar kakansa bafatake ne da dare ya yi masa a gari ya zauna, wani kuma kamo kakarsa aka yi a yaƙi, tunda sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. A rubuta abin da aka ji yadda aka ji shi, da sunan wanda ya faɗa da ranar, inda baki biyu suka saɓa a ajiye duka biyun.

Sallar Gani tana tara 'yan Daura na nesa da na kusa. Wanda Allah ya kai shi ta bana, ya sayi littafin rubutu, ya ware yini guda ya zauna da wadda ta fi kowa tsufa a gidansu, ya kuma kwafa wa 'yan'uwa abin da ya samu.